Gadalin Malam

Akwai laifin da na yi wa 'yata tun tana aji ɗaya a sakandare, kuma sai da na yi ritaya, furfura ta gama cin gemuna, kafin aka ba ni damar sake zama jarrabawar.

Laifin na kaza ne. Farar kaza ce da ta rena tun tana 'yar tsako. Da za ta tafi makarantar kwana ta rungumo ta har gabana, ta ce, "Baba, ajiya." Na ce an karɓa. Bayan wata biyu wasu abokan aikina suka sauka daga Babura ba sanarwa, Hajiya, mai ɗakina, tana Roni wajen suna, gida babu ko ƙashi, ita kuwa kazar tana ta kai da komo a tsakar gida kamar mai neman a ba ta aiki. Aka ba ta. Baƙi suka yaba farfesu ƙwarai. Washegari na shiga kasuwa na zaɓo wata farar kaza, na auna tsayi da ƙiba da idon wanda ya karantar da aikin gona, na sake ta a akurki, na ɗauka magana ta mutu.

Ranar hutu yarinya ta ajiye akwati ta nufi akurki, ta yi irin kiran da ta saba. Kazar ta dube ta sheƙeƙe ta yi bayan ɗaki. Ta dawo ta tsaya gabana ta ce, "Baba, wannan ba ta san ni ba." Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da an lallashe ta an wuce wurin.

Daga ranar ba ta sake ba ni ajiyar komai ba. Takardun makaranta wajen uwarta, makullin akwati wajen uwarta. Ko biro ta manta kusa da ni sai ta dawo ta ɗauke, da ladabinta, har da "Sannu da hutawa, Baba." Ni da na yi shekaru ina riƙe da makullin sito na makaranta guda ba a taɓa neman ko fartanya an rasa ba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, saboda haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata, kuma ta ɗauki muƙamin da gaske.

Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi bautar ƙasa a Kalaba, ta dawo mana Kazaure da wata shuka a tukunyar roba. Ba a jima ba ta sami ƙarin karatu na shekara ɗaya da rabi a Indiya, shuka kuwa ba ta da fasfo. Kamar kullum wajen uwarta ta fara zuwa. Ina daga rumfa ina jin su.

"Ana sa ta a miya?" in ji Hajiya.

"A'a, Umma."

"Ana jiƙawa a sha?"

"A'a."

"To tana korar sauro?"

"Sai ma an kula, kada sauro ya yi ƙwai a cikinta."

"Kai wa babanki. Shi ne ya yi ritaya."

Ta haka ajiya ta dawo hannuna, ba don cancanta ba, don babu wani ɗan takara.

Wanda ya taɓa ganin kan abarba ya kusa ganin shukar nan. Ganyayenta dogaye ne masu kauri, kore da ratsin fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, sun jeru a zagaye, a tsakiya sun haɗu sun yi rami kamar ƙoƙo. Sunanta buromiliya. 'Yar'uwar abarba ce, amma irin 'yan'uwan nan da suka shiga birni suka bar aikin gona: ba ta ba da abin ci, kwalliya kawai ta iya. Uwata ta yago takarda daga littafin rubutu ta jera mini ƙa'idoji, ɗaya zuwa shida, ta cika shafin har ƙasa da wannan rubutu nasu na asibiti. Ta miƙo tukunya da takarda tare, ta ce, "Baba, ajiya." Kalmar nan dai ta wancan karo. Ta kuma dube ni na ɗan lokacin da ya fi abin da ake buƙata.

Na ce, "An karɓa." Hajiya daga ɗakin girki ta ce, "Allah ya sa dai ba a farfesunta."

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koya wa yara yadda tsiro yake rayuwa, shukar nan ta zo ta soke darasin daga babi na ɗaya. Na koyar da cewa saiwa ce ke shan ruwa. Ita saiwarta ta riƙo ce kawai, don a dajinsu na asali kan rassan itatuwa danginta suke maƙalewa. A ƙoƙon nan na tsakiya ake zuba mata ruwa, tukunyar kuwa ɗan danshi ya ishe ta, in ka cika ta ruɓe. A tukunyar ma babu ƙasa, sai ɓawon itace da gawayi da zaren kwakwa. Taki, ƙa'ida ta huɗu ta hana. Ni da na tashi inda ake gane manomin kirki da yawan mangalar takin da ya kai gona, sai da na karanta ƙa'idar nan sau uku ina neman inda aka yi kuskure.

Sai maganar ruwa. Na burtsatsen unguwarmu yana barin farin tabo a gindin tukunya, don haka aka ce na sama kaɗai. Damina tana bankwana a lokacin, na jera duk wata roba da baho da ke gidan a ƙarƙashin indararo, na tace, na cika jarka huɗu, na rubuta a jikin kowace da jan biro babba: KADA A TAƁA. Hajiya ta karanta ta ce, "Mu 'yan gida mu sha na ƙasa, baƙuwa ta sha na sama." Daga nan sunan ya kama ta. Buromiliya ta tsaya a takarda, a gida kowa Baƙuwa yake cewa.

Baƙuwa tana son haske amma ba ta son rana ta taɓa ta, kamar wasu manya da na sani masu son a gan su ba a matso kusa ba. Da safe sai in kai ta gefen taga, in hantsi ya ɗaga in janye ta. Duk Alhamis in zuƙe tsohon ruwan ƙoƙon da sirinji saboda sauro, in zuba sabo da wata 'yar buta da na saya mata ita kaɗai. Maƙwabta in sun leƙo sai su ce, "Malam, yaushe za mu sha abarba?" Wani dattijo mai lambu ya tausaya mini, ya ce in ba shi ita ya dasa a fadama, wata uku in ga aiki. Na ce na gode, ba ta haihuwa irin wadda yake nufi. Ya dubi shukar, ya dube ni, ya yi mini addu'ar samun lafiya.

Duk wannan mai sauƙi ne har ranar da taubashina ya zo. Ɗan kawuna ne, yayan mahaifiyata ya haife shi, yana zaune a rugarsu ta wajen Gwiwa da shanunsa da gonarsa. Bisa al'ada ni ɗan mace bawansa ne, kuma bai taɓa barin wannan haƙƙi ya kwana ba. Ni kuma Ardo nake ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa shi komai. Ya shigo ranar wata Alhamis ya same ni tsugune a ɗaki da buta.

"Bawana, me ake yi?"

"Ban ruwa."

"A baki?"

"Nan take sha."

Ya jingine sandarsa ya tsuguna kusa da ni. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fara tambaya a hankali, kamar alƙalin da ya riga ya yanke hukunci yana cika ƙa'ida kawai.

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"Wa ke ba ta ruwa?"

"Ni kaɗai."

"Wane ruwa?"

"Na sama."

"Kullum?"

"Ranar Alhamis."

"Alhamis," in ji shi, ya jinjina kai. "Jajiberin Juma'a. Hajiya tana taɓa ta?"

"Ba ta taɓawa."

"Ga kuma butarta daban." Ya miƙe ya tafa hannu. "Allahu akbar! Shekara talatin kana tsaye gaban allo kana gaya wa 'ya'yan mutane gadali camfi ne, ashe naka kake jira ya iso daga Kudu!"

Gadali dai an san shi, wannan tsiro mai kama da albasa da wasu ke ajiyewa a tsohuwar tukunya a lungu, suna shayar da shi a ɓoye don neman albarkar dabba ko farin jini. Kuma gaskiya ne na yi shekaru ina yaƙi da shi a aji. Na yi wa Ardo bayani dalla-dalla, cewa furen ado ne, ajiyar Uwata ce. Ya ce duk mai gadali haka yake cewa. Na ɗauko tsohon littafina na ilimin tsirrai na kwalejin horon malamai in nuna masa dangin abarba. Ya ce, "Har da littafinsa!" Na nuna masa takardar ƙa'idoji. Ya ce, "Ka gani? Naku a rubuce yake. Namu da ka ake riƙewa." Ya roƙi ganye ɗaya ya jiƙa wa shanunsa, na hana. Hanawar nan ita ce shaidar da ta rage masa.

A satin nan akuyar Hajiya ta haifi uku. Akuyar ta saba, uwarta ma haka take, zan iya zana muku dalilin a allo. Amma kafin kasuwar Gwiwa ta sake ci, labari ya riga ya zagaya cewa Malam ya ajiye abu a ɗaki.

Da bazara ta kama na mayar da Baƙuwa gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashin nan mai sanyi. Sai na lura ruwan ƙoƙon yana ƙafewa da wuri. In cika da safe, kafin la'asar ya koma rabi. Na buɗe sabon littafi na fara rubuta awo safe da yamma, na gina bayani mai kyau a kan zafi da bushewar iska, har na fara tunanin abin ya isa a buga. Wata rana na dawo daga masallaci da azahar na tarar da Hajiya tsugune gaban Baƙuwa da cokalin shayi, wata maƙwabciya tana tara mata 'yar kwalba. Matar ta gaishe ni har ƙasa ta fice da sauri.

"Hajiya, mene ne haka?"

"Malam, mace ta yi sallama, ta gaishe ni, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce cokali guda don Allah, akuyarta ba ta ɗaukar ciki. In ce mata me? In karanta mata littafinka?"

"Kin san ruwan sama ne kawai."

"Shi ya sa nake bayarwa. Da magani ne ai da na ji tsoro."

"To me ya hana ki ɗiba a jarka?"

"Ka rubuta kada a taɓa."

Na rufe littafin awo ban sake buɗe shi ba.

Babban abin ya faru ne da na tafi Roni ta'aziyyar wani tsohon abokin aiki na kwana biyu. Ardo ya zo bai same ni ba, Hajiya tana can tana fama da tukunya ta ce ya shiga ya sha ruwa a randa. Ya ga bakin ganyen Baƙuwa ya ɗan nannaɗe saboda zafi, ya duba da idon makiyayi ya gano yunwa ce. A wajensu gadalin kirki madara ake ba shi. Da ma ya zo mana da ita a gora, tatsar safiyar nan. Ya cika ƙoƙon har baki, ya yi addu'a, ya tafi bai gaya wa kowa ba, don alheri ba a shelarsa.

A tsakiyar bazara ne, lokacin da ko ƙadangare yake neman inuwa. Da na dawo, tun daga soro wari ya tare ni. Tururuwa sun yi layi daga bakin ƙofa har gindin randa, a natse, cikin tsarin da ban taɓa samu daga ɗalibaina ba a taron safe. A cikin ƙoƙon kuwa kindirmo ne ya kama, har da ruwan tsami a sama. Na fito da ita tsakar gida ƙarƙashin rumfa, na karkata ta, na yi ta ɗauraya. Jarka guda da rabi na ruwan saman da nake yi wa rowa suka tafi a yinin nan. Na naɗa auduga a tsinke na bi tsakanin ganye ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙaramin ganye na ciki ya biyo hannuna, ya yi laushi ya ruɓe. Na zauna a ƙasa da shi a tafin hannu, abin da nake ji a kunnena kawai shi ne, wannan ba ta san ni ba.

Da Hajiya ta gaya mini wanda ya shiga shan ruwa, na kira Ardo a waya.

"Ka kashe ni."

"Na ciyar da ita dai. Wata bakwai kana ba baiwar Allah ruwa zalla kamar 'yar fursuna. Madarar farar saniyata ce fa, bawana, ko jikokina ban ba su ba."

"Ajiyar Uwata ce!"

"To da ta wa zan ba madarar farar saniya in ba ta Goggo ba?" Da yake sunan ƙanwar ubansa ne da ita, Goggo yake ce mata tun tana zanen goyo.

Baƙuwa ba ta mutu ba. Ta yi sati uku tana shawara, sannan ta miƙe. Da ruwan farko ya sauka na leƙa ƙoƙon na ga wani abu ja-ja yana tasowa daga ƙasan ruwan. Na ɗauka wata sabuwar masifa ce. Kwana ya yi ta tafiya abin yana tsawo, har ya fito sarari ya buɗe, wani dunƙulen fure mai ruwan hoda da tsini-tsini kamar tauraro, da wasu ƙananan furanni shuɗaye a tsakaninsa. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka a cikin ɗakina ba, har da ni kaina.

Ardo ya hau babur tun daga Gwiwa don ya karɓi yabo. Na gaya masa ba madararsa ba ce. Duk bazara Hajiya a gindin randar nan take ajiye kwandon mangwaro ya nuna, kuma 'ya'yan itace in suna nuna akwai iskar da suke fitarwa mai sa dangin abarba yin fure. Wannan a rubuce yake. Ardo ya ce, "Iskar mangwaro. To." Hajiya ta raba gardama, ta ce, "Ko dai mangwarona ko madararsa. Kai dai, Malam, ba ka ciki."

Amma da Uwata ta kira ta bidiyo na juya wayar na nuna mata, sai ta yi ihu kamar 'yar firamare. Ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari!" Rabon da in ji wannan daga bakinta tun kafin kaza. Ta ƙara da cewa, "Ka dai karanta takardar duka ko?" Na ce na haddace ta, ɗaya zuwa shida. Layin ya ɗan yanke a daidai nan, muka koma gaisuwa. Na yi sati ina yi wa mutane fara'a ba dalili.

Furen ya yi wata huɗu yana ado. Bayan kaka ya fara dusashewa, ruwan hodar ya koma kalar tsohon buhu. Na ce ai fure ne, dole ya bushe. Sai ganyayen suka bi, daga baki suna rawaya suna komawa ruwan ƙasa. Na canza mata wuri, na rage ruwa, na ƙara ruwa, na sake karanta ƙa'idoji shida har takardar ta yi laushi na sa ta a leda. Ba abin da ya tsaya. A raina na yanke cewa madarar nan ce ta yi aikinta a hankali. Uwata in ta kira ta ce a nuna mata, sai in ce sabis ba kyau yau, mu yi ta murya. Sabis ya yi wata uku ba kyau a gidanmu, amma a kan shuka kawai.

Ana cikin haka wasu 'yan tsiro uku suka ɓullo a gindinta, kore shar, suna ƙiba ita tana ramewa. A nan ilimina ya motsa. Kowane manomi ya san ana cire gero in ya yi yawa a rami, ana fige reshen banza a jikin tumatir don uwa ta samu ƙarfi. Na wasa 'yar wuƙata, na shimfiɗa buhu a rumfa, na kwantar da tukunyar. Ina ɗora wuƙa Ardo ya yi sallama.

"Ajiye wuƙar nan, bawana."

"Su ne ke shanye ta."

"To wa za su sha, kai?" Ya tsuguna ya shafa busasshen ganye, ya taɓa 'yan tsiron da ɗan yatsa. "Wannan ba ciwo ba ne. Na ga saniya mai ciwo, na ga saniyar da ta gama haihuwarta ta tsufa. Ba ɗaya suke kallon mutum ba."

"Ardo, wannan ba ta da ido."

"Kai ne ba ka da shi."

Ya zare wuƙar daga hannuna ya jefa a aljihu, ya sha furarsa, ya tafi da wuƙata Gwiwa. Ni kuwa na taɓa rubuta a allo, ba sau ɗaya ba, cewa abarba sau ɗaya take haihuwa, daga 'ya'yan gindinta ake samun sabuwa. Yara sun kwafa, na ba su maki. Amma ban taɓa ganin gonar abarba da idona ba, kuma mai tsoro ba ya tuna abin da ya koyar. Ban yanke 'yan tsiron ba, don ba wuƙa, amma ban yarda da Ardo ba. Ko da ya yi gaskiya ma, ba su aka ba ni ajiya ba. Uwar aka ba ni, ga ta nan tana ƙarewa, saura sati uku mai ita ta dawo.

Wata safiya na saka babbar riga na ce wa Hajiya zan je Kano. Ba ta tambayi dalili ba. Sai da na kai soro ta ɗaga murya ta ce, "Malam, in farar kaza za ka sayo, ka zaɓi wadda ta san ta."

Na je duk da haka. A wajen masu sayar da furanni na bakin titi na yi ta bi har na same ta: ganye iri ɗaya, ratsi iri ɗaya, har tukunyar roba baƙa. Na ɗaga ta, na juya ta, na ƙirga ganye. Mai furen yana ta zuba, wai ko a gidan gwamna irinta ake sawa. Da na yi masa tambaya ɗaya tak da ya warware mini komai a tsaye, amma tsohon malami ba ya saurin tambayar mai sayar da fure. Na daɗe riƙe da ita. Na tabbata wannan karon ba za a gane ba, shuka ba ta gudu bayan ɗaki. Abin da ya hana ni shi ne na hango kaina ina miƙa mata, tana cewa "Baba, ka yi ƙoƙari," ni kuma ina amsawa. Na ajiye tukunyar na ce wa mutumin Allah ya ba da kasuwa. Gurasa kawai na kawo gida. Hajiya ta leƙa ledar, ta dube ni, ta zuba mini abinci da nama biyu.

Uwata ta iso da hantsi. Ardo ya riga ta zuwa, da gorar madara, wai ya zo taren Goggo. Aka ci abinci, Hajiya ta yi dambu da kaza. Uwata ta ɗaga cinya ta ce, "Umma, ta waye?" Hajiya ta ce, "Sayowa aka yi, da shaidu." Aka yi dariya, ban da ni. Da aka ɗauke kwanuka ta wanke hannu ta ce, "Baba, ina ajiyata?"

Na shiga na fito da ita na ajiye a tsakiyar tabarma. Uwar ta bushe ta yi ruwan ƙasa, ta sunkuya gefe, 'ya'ya uku sun kewaye ta, kowanne ya kai taƙi guda. Ban zauna ba. A tsaye na ba da bayani, kamar ɗalibin da aka kama a bayan aji: cokalin Hajiya, madarar Ardo, sabis ɗin da ba shi da laifi, wuƙa, har zuwana Kano da abin da na je yi. Na ce, "Ga ta nan. Ita ce dai wadda kika ba ni. Ban iya riƙe ta da rai ba."

Ta duba tukunyar. Sannan ta ce, "Baba, ina takardar?"

Na ciro ta daga ledarta na miƙa, da ɗan alfahari, don ko tabo babu. Ta karɓa, ta juya bayanta, ta miƙo mini. Akwai rubutu. Lamba bakwai. In ta yi fure, uwar za ta bushe a hankali ta mutu, haka halittarta take, kada ka damu. 'Ya'ya za su fito a gindi, su za ka kula da su, kada a cire sai sun yi girma.

Shekara talatin da ɗoriya, duk ranar jarrabawa, kafin in ce a fara sai na ce, "Ku juya takarda, akwai tambaya a baya." Na sha rage wa yaro maki a kan wannan, har da jan layi biyu. Hajiya ta tura bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Ardo bai ɓoye tasa dariyar ba, sai da ya kwanta a tabarma yana bugun ƙasa da hula.

Da ya farfaɗo ya gyara zama ya ce, "Goggo, a yi maganar rabo. In aka ba mutum kiwon akuya ta haifi uku, biyu na mai ita, ɗaya na mai kiwo. To a nan masu kiwo biyu ne: wanda ya ba ta ruwa, da wanda ya ba ta abinci."

Uwata ta ce, "Kawu, madara fa ka zuba mata."

"Ta yi fure ko ba ta yi ba?"

Ta nemi wuƙa. Ardo ya sa hannu a aljihu ya fito da tawa ya ba ta aro. Ta zazzage tukunyar, ta yanke 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya daga jikin uwar, kowanne da 'yar saiwarsa, da hannun wadda ta saba da aikin asibiti. Ardo ya karɓi wuƙar ya goge ya mayar aljihunsa. Ta ba shi ɗaya bisa sharaɗin ba madara, ya rantse da girman Goggo. Tasa tana nan har yau a cikin ƙwarya, rataye a reshen tsamiya a rugarsu, ta fi ta kowa kore, kuma na daina tambayarsa abin da yake ba ta. Ta biyu ta ce za ta tafi da ita wajen aiki.

Ta ukun ta dasa a tsohuwar tukunyar, ta danna gawayi da ɓawo a gefe, ta ɗauko 'yar butar ta zuba ruwa a ɗan ƙoƙon, ta turo gabana.

Na ce, "Rabona na kiwo ke nan?"

"A'a, Baba. Wannan ma tawa ce. Ajiya."

Na jira wannan kallon mai tsawo, bai zo ba. Har ta juya tana tambayar uwarta labarin akuya. Na ce, "Uwata, takarda fa?"

Ta ce, "Ba ka buƙata."

Hajiya ta ce ita dai a ganinta a rubuta, a shafi ɗaya.